Yadda Ake Ƙara wa Saba Wurin Ajiya da Akwatin Faya-fayai na Waje

Saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe wa ofis bayanai, irin Dell PowerEdge R730 mai gidajen faifai takwas a gaba, ba ta daɗewa take cika idan wurin aiki ne da ake tara bidiyo, hotunan kyamarar tsaro ko takardun da aka sikana. Gidajen duk sun cika, wurin ajiya ya haura kashi 85 cikin ɗari, sayen sabuwar saba kuma kuɗi ne mai yawa, ga wahalar kwashe komai. A irin wannan hali ake kawo akwatin faya-fayai na waje, wanda masu sana'ar ke kira JBOD. Akwatin ƙarfe ne da ba ya sarrafa komai da kansa. Abin da ke cikinsa gidajen faifai ne, da fankoki, da na'urorin ba da wuta guda biyu, da allon da ke rarraba layin SAS, wato hanyar da bayanai ke bi tsakanin saba da faifai, zuwa kowane gida. Waya ɗaya mai kauri ce ke haɗa shi da sabar, sai faya-fayan su bayyana tamkar a cikin sabar aka sa su.

Jona akwatin ba ya cin awa ɗaya. Inda ake yin asara shi ne wajen haɗe sabon wurin da tsohon. Daga ranar da ka zuba faya-fayan akwatin cikin rumbun da ke ɗauke da bayananka, rayuwar bayanan ta rataya a kan waya ɗaya da soket ɗin da akwatin ke shan wuta. Saboda haka a nan zan fi daɗewa. Misalin da zan bi shi ne R730 mai Linux, Debian ko Ubuntu, da akwatin Dell PowerVault MD1200 mai gidaje 12, amma tsarin ɗaya ne ga sauran.

Kafin ka kashe ko sisi, ka duba me ya cinye wurin. Idan ZFS kake amfani da shi, wato manhajar da ke haɗe faya-fayai su zama rumbu ɗaya, ka buga `zfs list -o space` ka ga nawa tsofaffin hotunan rumbu, wato snapshot da ke adana yadda bayanan suke a wani lokaci da ya wuce, suka riƙe. Sau da yawa a nan ake samun tera biyar ko goma da ba wanda ya san da su. Idan kuma faya-fayan da ke ciki ƙanana ne, misali masu tera 2, sauya su ɗaya bayan ɗaya da masu tera 8 zai ninka maka wuri sau huɗu ba tare da ƙarin akwati, ƙarin zafi ko ƙarin kuɗin wuta ba. Sai waɗannan biyun sun gaza ake zancen akwati.

Kayan da za ka tanada

Abu huɗu ne: akwatin, katin da zai shiga cikin saba, waya, da faya-fayan.

A kasuwar kayan hannu, akwatunan da aka fi samu su ne Dell MD1200 mai gidaje 12 na faifai inci 3.5, da ɗan'uwansa MD1220 mai gidaje 24 na inci 2.5, dukkansu masu gudun gigabit 6. Na bayansu, MD1400 da MD1420, suna gudun gigabit 12. HP na da D2600 da D2700, NetApp kuma na da DS4246 mai gidaje 24. Idan faya-fayai masu juyawa za ka zuba, mai gigabit 6 ya ishe ka. Waya ɗaya ta SAS layi huɗu ce a haɗe, wato gigabit 24, abin da yake kai kusan megabayit 2,400 a daƙiƙa. Faifai 12 da kowanne ke ba da 200 a daƙiƙa, daidai nan suke tsayawa, kuma ko layin sadarwa mai gigabit 10 kusan rabin wannan kawai yake iya kwashewa. Sai za ka cika akwatin da SSD ne mai gigabit 12 zai biya kuɗinsa.

Ka tabbata akwatin ya zo da tiretan da ake ɗaure faifai a kai, da kusoshinsu, da ƙarafan da yake zamewa a kai cikin rak. 'Yan kasuwa kan sayar da akwatin tsirara a farashi mai daɗi, sai daga baya ka ga kuɗin tire 12 ya kusa kamo kuɗin akwatin.

Katin kuwa iri biyu ne, kuma zaɓinsa ya danganta da wanda zai kula da RAID, wato tsarin haɗe faya-fayai yadda bayanai za su tsira ko wani ya mutu. Idan katin ne zai yi aikin, kana bukatar katin RAID mai baki a waje, kamar PERC H810 ko H830. Idan ZFS ne ko mdadm, manhajar RAID ta Linux, zai yi, sai ka nemi HBA zalla, wanda ke miƙa wa Linux kowane faifai yadda yake. LSI 9207-8e shi ne na gigabit 6 da aka fi yarda da shi, 9300-8e kuma na gigabit 12. Harafin e na ƙarshe shi ke nuna bakunan waje ne. Mai i na ciki ne, ba zai yi maka wannan aiki ba. Kamfanin Avago ya sayi LSI a 2014, daga baya ya koma Broadcom, don haka a shafin Broadcom za ka samu manhajar waɗannan katuna. Ni dai HBA nake ba da shawara, domin idan katin ya mutu, kowane HBA ka sa faya-fayan za su karantu. Katin RAID kuwa sai ka nemo irinsa ko danginsa. Ka guji tsofaffin katuna masu gigabit 3 da ke ɗauke da guntun 1068E, ba sa ganin abin da ya wuce tera 2 a faifai.

Waya ita ce aka fi yin kuskuren saya. Bakin gigabit 6 na waje sunansa SFF-8088, mai faɗi ne. Na gigabit 12 sunansa SFF-8644, ƙarami mai kusurwa huɗu. SFF-8087 da SFF-8643 na cikin saba ne, lambobin na kama da juna, ka karanta sau biyu. Idan katinka 9300-8e ne akwatin kuma MD1200, akwai waya mai 8644 a kai ɗaya, 8088 a ɗayan, kuma tana aiki lafiya a gigabit 6. Akwatin NetApp bakinsa QSFP ne, sai wayar da aka yi dominsa. Mita ɗaya ko biyu ta isa, kada ka sayi doguwa ka naɗe ta a bayan rak.

Sai faya-fayai. Layin SAS yana karɓar faifan SAS da na SATA, amma na SATA ƙofa ɗaya gare shi, na SAS kuma biyu, abin da zai yi tasiri idan ka zo jona waya ta biyu. Kada ka gauraya su cikin rukuni ɗaya. Ka tabbata CMR ne ba SMR ba. Faifan SMR yana rubuta layukansa a kan gefen juna, don haka idan aka matsa masa da rubutu na awanni, kamar lokacin sake gina RAID, sai gudunsa ya zube har a ɗauka ya mutu a fitar da shi. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan an gano wasu faya-fayan WD Red na ajiya SMR ne ba tare da an rubuta a jikinsu ba. Ka ɗauki lambar samfurin ka duba takardar bayanan kamfanin kafin ka biya.

Ka yi lissafin wurin da za ka samu tun yanzu, don kada shugabanka ya ji tera 96 ya sa rai da ita. Faifai 12 masu tera 8, a tsarin da ke jure mutuwar biyu, goma ne ke ɗaukar bayanai, wato tera 80. Kwamfuta da nata awon za ta nuna maka kusan 72.7, domin kowane mai tera 8 tana ganinsa 7.28. ZFS kuma yana fara nauyi idan ya wuce kashi 80, saboda haka abin da za ka mora cikin natsuwa bai wuce 58 ba. Ka ƙara faifai ɗaya da zai zauna a durowa yana jiran ranar da wani zai mutu.

Wuta da zafi

Faifai mai juyawa yana shan kamar wat 6 zuwa 10 yana aiki, amma a daƙiƙun farko da yake tashi yakan ja ninki biyu ko fiye. Ka haɗa da fankoki da alluna, akwati mai faifai 12 zai riƙa cin wat ɗari biyu ko kusa da haka. Ka duba fuskar UPS ɗinka ka ga nauyin da yake ɗauke da shi yanzu. Idan ƙarin zai kai shi sama da kashi 70, mintocin da yake ba ka kafin janareta ya tashi za su ragu.

Sharaɗin da ba a sassauta shi: akwatin da sabar su sha wuta daga UPS ɗaya, ko aƙalla daga guda biyu da ka gwada ka san tare suke riƙewa. A wuraren da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, kamar yadda muka saba a Kano ko Damagaram, abin da ke faruwa shi ne a bar saba a kan UPS, a jona akwatin a soket na bango saboda a nan aka samu rami. An ɗauke wuta, sabar na nan da ranta tana rubutu, faifai 12 sun ɓace mata a lokaci guda. Sabar da ta mutu gaba ɗaya ta fi wannan sauƙi. Wayoyin wutar akwatin biyu duka ka jona su, domin da ɗaya kawai fankokinsa kan tashi da ƙarfi, fitilar gargaɗi ta kunnu.

Yawancin waɗannan akwatuna an yi su don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura 40. Faifai 12 ƙarin murhu ne a ɗakin, don haka ka tabbata na'urar sanyaya ɗakin za ta iya, kuma tana kan layin janareta. Ƙurar hunturu ma tana toshe ramukan gaban tire. Sannan ƙararsa: MD1200 ba abin ajiyewa kusa da teburin ma'aikaci ba ne.

Haɗawa

Ka fara da kwafin ajiya, ka kuma gwada dawo da fayil ɗaya daga cikinsa don ka san yana karantuwa. Bayan haka ka adana hoton yadda sabar take yanzu, za ka bukace shi wajen bambance tsofaffin faya-fayai da sababbi:

`lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL > /root/kafin.txt`

Ka ɗora akwatin a rak babu faifai ko ɗaya a ciki, ƙasa da sabar, domin mai nauyi a ƙasa yake zama. Cikakken MD1200 yana kai kilo 28, DS4246 kuma kusan 50, don haka ku kama shi ku biyu. Kafin ka ɗaure kowane faifai a tirensa, ka rubuta lambar siriyal ɗinsa a takarda tare da lambar gidan da zai shiga. A Dell ƙidayar daga 0 take farawa. Ka manna ƙaramar takarda mai haruffa huɗu na ƙarshen siriyal ɗin a gaban tiren. Aikin minti goma sha biyar ne, kuma shi zai hana ka zare lafiyayyen faifai ranar da wani ya mutu. Gidan da ba ka sa faifai ba, ka toshe shi da tire marar komai, in ba haka ba iska za ta bi ta ramin ta bar faya-fayan cikin zafi.

A gaban MD1200 akwai ɗan makunni mai matsayi biyu. Ɗaya yana haɗe gidaje 12 wuri ɗaya, ɗayan yana raba su shida-shida don saba biyu. Ka bar shi a haɗe. Akwatin ba ya lura da sauyin makunnin sai an kashe shi an kunna.

Yanzu ka kashe sabar, ka zare wayoyin wutarta, ka taɓa ƙarfen rak don sauke wutar jikinka, sannan ka buɗe. Ka sa katin a gurbin PCIe mai layi takwas ko sama, ka danna shi har ya zauna daram. Katunan nan suna zafi ƙwarai, sun dogara ne da iskar fankokin saba, saboda haka ka mayar da murfin robar da ke jagorantar iska yadda ka same shi.

A bayan akwatin za ka ga alluna biyu, na sama da na ƙasa, kowanne da baki biyu, na shiga da na fita. Wayar da ta fito daga saba tana shiga bakin shiga na allon sama. Ka tura ta a miƙe har ka ji ta yi ƙas, sannan ka ɗan ja jikin ƙarfen baya. Idan ta biyo hannunka, ba ta kama ba. Wajen cirewa kuwa, siririn harshen robar da ke saman kan wayar ake ja, shi ke sakin ƙugiyar. Wayar da ta shiga rabi ita ce ke sa faifai ya riƙa bayyana yana ɓacewa, a yi ta zargin faifan.

Akwatin ake fara kunnawa. Fankokin za su tashi da ƙara kamar za su tsaga ɗakin, bayan ɗan lokaci su lafa, fitilun tire su kunnu kore. Ka ba shi minti biyu, sannan ka kunna saba. Wajen kashewa akasin haka ne, saba tukuna, akwati daga baya. Da yake in wuta ta dawo tare za su tashi ba tare da kowa a wurin ba, ka shiga BIOS ɗin sabar ka nemi AC Power Recovery Delay, ka sa ta jira minti biyu ko uku.

Ka tabbatar Linux ya gan su

`lspci | grep -i sas`

Wannan zai nuna katin. Sai ka buga `sas2flash -list` ka ga manhajar cikinsa. Ka tabbata an rubuta IT, wato manhajar HBA zalla marar RAID, kuma ga 9207-8e lambar da ake so ita ce 20.00.07.00, domin fitowar farko ta jerin 20 tana da matsala. Ga 9300-8e umarnin `sas3flash` ne. Daga nan:

`lsscsi -g`

Ya kamata ka ga sababbin faya-fayai 12 da layi ɗaya mai suna enclosu, wato akwatin kansa. Idan ba ka ga komai ba, ka duba `dmesg | grep mpt`, ka koma kan waya da bakin da ka sa ta.

Abu biyu kan rikita mutum a nan. Na farko, faifan ya bayyana amma girmansa sifili. Yawanci faifan hannu ne da aka ciro daga manyan na'urorin ajiya irin na NetApp ko EMC, waɗanda ake tsara su da bayit 520 a kowane yanki maimakon 512. Ana gyara shi da `sg_format --format --size=512 /dev/sg5`, inda za ka sa lambar sg ta faifan da `lsscsi` ya nuna. Yana share komai, yana cin awanni da yawa, kuma ba a so wuta ta yanke a tsakiya.

Na biyu, ka ga faifai 24 alhali 12 ka sa. Wannan na faruwa idan ka jona waya biyu, ɗaya a kowane allo, faya-fayan kuma SAS ne, sai kowanne ya bayyana ta ƙofofinsa biyu. Hanya biyu abu ne mai kyau, tana sa ka tsira idan waya ɗaya ko allo ɗaya ya mutu, amma sai ka girka multipath-tools, ka duba da `multipath -ll`, ka yi aiki da sunayen da ke cikin /dev/mapper. Idan ka ɗauki sunaye biyu na faifai ɗaya ka gina RAID a kansu, ka lalata bayanai da hannunka. Wanda bai saba ba ya fara da waya ɗaya.

Daga yanzu ka manta da sunaye irin sdb da sdc. Suna sauyawa, musamman bayan ƙara kati, faifan da ke sdb jiya zai iya zama sdn yau. Ka yi aiki da sunayen da ke cikin /dev/disk/by-id, su ba sa motsi. Ka gwada kunna fitilar gida da `ledctl locate=/dev/disk/by-id/sunan-faifai`, ka zagaya gaban rak ka ga wane tire ke ƙyaftawa, ka gwama da takardarka.

Gwajin faya-fayai

Sabo ne ko na hannu, kada ka ɗora masa bayanai sai ka wahalar da shi. Ka fara da `smartctl -a`. A faifan SATA ka duba lamba 9, awannin da ya yi yana aiki, sai 5, 197 da 198, waɗanda ke ƙirga yankunan da suka lalace ko ake shakkarsu. Ana so ukun nan su zama sifili. A na SAS layin da za ka nema shi ne Elements in grown defect list. Sai dogon gwaji da `smartctl -t long`, wanda kan ci fiye da rabin yini a mai tera 8. Bayansa:

`badblocks -wsv -b 4096 /dev/disk/by-id/sunan-faifai`

Wannan yana rubuta dukkan faifan sau huɗu yana karantawa, yana share duk abin da ke kai, don haka ka gwama sunan da fayil ɗin kafin.txt kafin ka danna. A mai tera 8 zai ɗauki kwana huɗu zuwa biyar. Ka buɗe tmux, manhajar da ke barin umarni da yawa su ci gaba da gudana, ka saki dukkan 12 lokaci guda. Ta haka kana gwada faya-fayan, da wayar, da katin, da sanyin ɗakin, da UPS, duk a zama ɗaya. Ka riƙa leƙa zafinsu, ana so su tsaya ƙasa da digiri 45. Na san mai jiran wuri ba ya son jin kwana biyar, amma faifan da zai mutu da wuri yakan nuna kansa a nan, lokacin da mai sayarwa zai iya karɓar kayansa.

Rumbu ɗaya ko biyu

Ga shawarar da na ce komai ya rataya a kanta. Hanya ta farko, ka gina sabon rumbu a akwatin, mai zaman kansa, ka kwashe wasu bayanai zuwa can. Ta biyu, ka faɗaɗa tsohon rumbun ya haɗiye sababbin faya-fayan.

Ta biyun ta fi daɗin aiki, domin ma'aikata za su ga babban wuri ɗaya, ba wanda zai sauya hanyar fayil. Amma ZFS yana rarraba kowane sabon rubutu a kan dukkan rukunonin da ke cikin rumbu, kuma rasa rukuni ɗaya rasa rumbun ne gaba ɗaya. Idan akwatin ya ɗauke, hatta fayilolin da suka shekara a faya-fayan cikin saba ba za su buɗu ba har sai ya dawo. Kuma rumbun da ke da rukunin raidz, wato RAID ɗin ZFS, ba a iya cire masa rukuni bayan an ƙara. Kamar juye buhun gero biyu ne wuri ɗaya, ba mai sake ware maka su. Hanyar komawa ita ce kwashe komai waje, a rushe, a sake ginawa.

Shi ya sa, in dai bayanan suna rabuwa, na fi son rumbu biyu. Abin da ake taɓawa kullum, irin su rumbun bayanan kuɗi da kwamfutocin da ke gudana a cikin sabar, su zauna a ciki. Bidiyo, tsofaffin takardu da hotunan kyamara su koma akwati. Ranar da akwatin ya samu matsala, ofis zai ci gaba da aiki.

`zpool create -o ashift=12 ajiya raidz2 faifai1 faifai2 ... faifai12`

A madadin faifai1 da sauransu ka sa cikakkun sunayen by-id. Kada ka yi raidz1 ko RAID 5, masu jure mutuwar faifai ɗaya kawai, da faya-fayai masu wannan girma. Sake gina mai tera 8 yana cin awa 15 ko fiye ko da ba a aiki da sabar, a sabar da ake aiki kuwa kwanaki ne, kuma duk tsawon lokacin ana karanta sauran faya-fayan daga farko har ƙarshe. Tare aka saye su, tare suka tsufa, don haka a irin wannan lokacin na biyu ke bin na farko. Rukuni ɗaya mai faifai 12 ya dace da manyan fayiloli. Idan ƙananan fayiloli ne masu yawa, rukuni biyu shida-shida ya fi sauri, sai dai wurin zai sauka zuwa tera 64.

Idan lallai sai wuri ɗaya, to ka yi shi da sharuɗɗa: UPS ɗaya, kwafin ajiya da aka gwada, sabon rukuni irin tsohon. Ka fara da alamar komawa, wadda ke ba ka damar mayar da rumbun yadda yake kafin ƙarin muddin ba ka goge ta ba, sannan gwajin da ba ya taɓa komai:

`zpool checkpoint rumbu`

`zpool add -n rumbu raidz2 faifai1 ... faifai12`

Harafin n yana nuna maka yadda rumbun zai kasance ba tare da ya aikata ba. Ka karanta da kyau, ka ga kalmar raidz2 a saman sababbin faya-fayan. Idan ka manta ita, ZFS zai yi niyyar ƙara kowane faifai shi kaɗai ba kariya. Zai yi maka gargaɗi cewa tsarin bai yi daidai da na da ba, kuma zai ce f zai tilasta masa. Kada ka sa f ɗin. Idan komai ya yi, ka cire n ka sake bugawa, ka duba `zpool status`, sannan ka goge alamar da `zpool checkpoint -d rumbu`, domin tana riƙe wuri, tana kuma hana wasu ayyukan gyara. Ka sani tsofaffin bayanai ba za su rarrabu da kansu ba, sabon rubutu ne zai fi karkata zuwa rukunin da ke da sarari. Tun fitowar OpenZFS 2.3 a farkon 2025 ana iya ƙara faifai ɗai-ɗai cikin rukunin raidz da `zpool attach`, amma rukuni ɗaya da ya ratsa saba da akwati ya fi kowane tsari rauni, ba na ba da shawararsa.

Mai mdadm da LVM, manhajar Linux da ke haɗawa da rarraba wurin ajiya, hanyarsa gajeriya ce. Ka gina `mdadm --create /dev/md1 --level=6 --raid-devices=12` da sunayen faya-fayan, ka zuba sakamakon `mdadm --detail --scan` cikin /etc/mdadm/mdadm.conf, ka buga `update-initramfs -u`. Daga nan `pvcreate`, sai ko dai `vgcreate` don sabon rukuni, ko `vgextend` da `lvextend -r` don faɗaɗa tsoho. Haɗarin iri ɗaya ne da na ZFS, kuma idan XFS ne a kai, yana girma amma ba ya raguwa. A /etc/fstab ka yi amfani da UUID, ka ƙara nofail, don kada sabar ta maƙale wajen tashi ranar da akwatin ke kashe.

Mai katin PERC ya yi hattara da saƙon Foreign Configuration. Idan faya-fayan hannu ne da ba ka bukatar abin da ke kansu, Clear ne. Idan naka ne da ka kwaso daga wata saba, Import ne, Clear zai share tsarin RAID ɗinsu. A Windows Server kuma ka zaɓi GPT, domin MBR ba ya wuce tera 2.

Kafin ka miƙa wa ma'aikata

Akwatin yana ƙasan rak, ba kowa ke sunkuyawa ya duba fitilunsa ba, don haka ka sa sabar ta riƙa aiko maka saƙo. Ka sa adireshin imel a /etc/zfs/zed.d/zed.rc, ko layin MAILADDR a mdadm.conf, ka kunna smartd. A Debian da Ubuntu ZFS yana tantance rumbu da kansa ranar Lahadi ta biyu a kowane wata, ka duba ka tabbata sabon rumbun na ciki. Ka haɗa UPS da sabar ta NUT ko apcupsd, ta yadda za ta kashe kanta tun batirin bai ƙare ba.

Sannan ka yi gwaji biyu tun rumbun babu komai. Ka zare faifai ɗaya yana aiki, ka ga ko saƙon ya iso wayarka, ko `zpool status` ya nuna sunan da ya dace da takardarka, ka mayar da shi ka ga ya koma daidai. Sai ka yanke wutar da ke shiga UPS, ka tsaya ka ga sabar ta kashe kanta alhali fankokin akwatin na juyawa. Ka dawo da wuta ba tare da ka taɓa wani makunni ba, ka jira ka ga akwatin ya riga tashi, sabar ta biyo baya, rumbun ya hau da kansa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai faru ba, ka gyara shi ka sake gwajin daga farko kafin ka fara kwashe bayanai da `zfs send` ko `rsync`.